Tafintana a gaban likita

Shekara takwas ke nan da rasuwar Yaya Sani, maginin da na yi wa kwaɓa siminti a Tamanrasset ta Aljeriya tun ina sabon zuwa daga Damagaram. Ba uwa ɗaya muke ba, ba uba ɗaya ba, amma duk unguwar Tahaggart ta san ni da ƙanensa. Mutum ne mai tsokana, kuma ba a ɓoye masa abu ya ɓoyu.

Shi ya fara lura na daina zancen zuwa gida. Salla ta zo ta wuce, kowa ya ɗaure kaya ya nufi Agadas, ni ina ta kawo dalilai: yau jandarma, gobe dowan masu binciken kaya a kan iyaka. Gaskiyar ita ce ƙarfina na namiji ya tafi, ina tsoron haɗa ido da matata Rabi. Ita kuwa ta aiko cewa in wata na samu, in sallame ta. Na sha jiƙe-jiƙen kasuwar Assihar har cikina ya gaji, na kuma sakankance ɗaure ni aka yi.

Wata rana muna aiki ya ce ya ga na fi raƙumi shan ruwa, ga yawan zagayawa, ga rama. Ya tasa ni gaba sai asibiti. Likitan Larabci da Faransanci kawai yake ji, don haka Yaya Sani ne tafinta. Sai aka zo kan ainihin maganar. Na faɗa ƙasa-ƙasa ina kallon takalmina. Shi kuwa ya ɗaga kai ya mayar da ita Larabci da bakinsa, yana cewa “ni”, kamar ciwon nasa ne. Sai da likita ya tambaya wanne ne marar lafiyar a cikinmu. Dariyar da muka yi ce ta sauke mini rabin kunyar.

Aka gwada jinina, aka ce ciwon suga ne, yana lalata jijiyoyin da ke kai jini wurin. Shayin da nake zuba wa sukari kamar na huce haushi, da taba, da damuwa, duk sun taimaka masa. Muna fita Yaya Sani ya ce, “To ƙane, ga mai sammun naka nan a cikin butar shayi.”

Yanzu ƙwayoyin ƙarin ƙarfi sun cika Assihar, samari na haɗiya ba tare da an gwada jininsu ba. Ina jin likitoci a rediyo suna cewa raunin namiji kan zama gargaɗin suga ko hawan jini ko ciwon zuciya. Da Yaya Sani yana raye da ya yi wa samarin nan tsiya son ransa, sannan ya raka su asibiti ɗaya bayan ɗaya.

Ban warke a rana ɗaya ba, har yau ina kan magani. Shi bai jira na warke ba. Ya kai ni tasha da kansa, ya ce, “Je ka faɗa mata da Hausa. Can ba ka da tafinta.”

Na je na faɗa. Rabi ta ce da ta san ciwo ne da tuni ta biyo ni. Muna tare har yau. Ina kewarsa, ina kuma gode masa. Allah ya jiƙan Yaya Sani. Rabi ba ta taɓa ganinsa ba, amma ranar da labarin rasuwarsa ya iso, ita aka riƙa ba haƙuri.