Gwangwanin da Ya Bari a Taga

Ɗana na fari a gidanmu na Kucheri na haife shi, da damina, shekarar da aka mayar da mijina Bungudu. Ɗan sanda ne, ƙaramin kurtu. Muna da ɗakin haya a Gusau, amma da cikina ya tsufa sai Inna, mahaifiyata, ta aiko aka ɗauke ni goyon ciki kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Ban so ba. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wadda garinmu ke bakinta, a lokacin ba a shigarta sai da addu'a, kuma da la'asar ta yi direbobi ke ajiye mota saboda 'yan bindiga. Amma wa zai ce wa Inna a'a?

Tsakanin mijina da Inna akwai kunya irin ta mutanen da, wadda ni har haushi take ba ni. Bai taɓa kallon fuskarta ba. In ya ji takunta sai ya durƙusa, kai a ƙasa, ya yi gaisuwa can cikin maƙogwaro, ya sulale waje. In ya kawo mata tsaraba ba ya miƙa mata, ba ya ma cewa ga shi. Sai dai ya ajiye a gefen tabarma ko kan taga ya tafi, ita kuma ta tsinta daga baya ta yi ta sa masa albarka. Haka sabulu ya riƙa zuwa, da man zafi na ƙafa, da tocila. Inna tana alfahari da wannan hali nasa, tana faɗa wa maƙwabta cewa ta yi dacen suruki.

Kafin suna ya samu izini na wuni guda ya zo ganin jaririn. Cikin doguwar riga ya zo, don ɗan sanda ba ya bin wannan hanya da kaki, in ba ya gaji da ransa ba. Ya same ni ni kaɗai a ɗaki, yaron yana barci cikin gidan sauro. Ya daɗe yana leƙensa yana murmushi, ya ce hancinsa ne sak, na ce Allah ya kiyaye. Daga nan ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan gwangwani baƙi, bai kai tsawon tafin hannu ba, yana juya shi kamar wanda aka ba kyauta.

Ya ce a makon nan aka raba musu. Ruwan barkono ne a ciki mai tsananin ƙarfi, ɗan'uwan barkonon tsohuwa da ake harba wa masu zanga-zanga, sai dai wannan a fuska ake fesa wa mutum in ya taso maka. An ce musu kayan kare kai ne. Dariya ta kama ni duk da ciwon da nake ji, sannan raina ya ɓaci. Na ce mutanen daji suna yawo da bindigar da ke tsayar da mota tana gudu, ku kuma an ba ku yaji, sai ka ce masu tsire. Ya ce ba don mutanen daji aka ba su ba, don rigimar kasuwa ce da ta tasha, inda ba a son a taɓa kunamar bindiga. Mijina mutum ne da ba ya son bindiga, ko da yake da ita yake ci.

"Gara in sa mutum hawaye ya tahi gida," in ji shi, "da in sa uwatai hawaye."

Yana rufe baki sai ga sallamar Inna a bakin ƙofa. Ya zabura, ya dire gwangwanin kan taga, daidai gefen maganin sauron da ake fesa wa ɗakin, ya durƙusa ya yi gaisuwarsa ya fice. A zaure Baba ya riƙe shi da hira, sannan ya ce masa in yana son samun mota kafin hanya ta mutu, to ya tashi yanzu. Ya tashi. Inna na ɗaki, don haka ko sallama bai dawo ya yi mini ba.

Na ga gwangwanin. Ina jiran Inna ta fita in ɗauke shi, don ba na iya buɗe baki a gabanta in ce mijina ya manta abu kaza. Ko "mijina" ba na furtawa a gabanta. Sai Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ke yi mini wankan jego, ta ƙwala kira daga bayan ɗaki cewa ruwa ya tafasa, in fito kafin ya huce. Gwaggo ba a sa ta jira. Na ɗaura zane na fita, a raina ina cewa yanzu zan dawo.

Abin da ya faru a ɓangaren mijina daga baya ya faɗa mini. Mota ta ɗan taɓa tafiya ke nan ya shafa aljihu ya ji wayam. Ya kira wayata, tana ƙarƙashin matashi tana ruri ba mai ɗauka. Yana da lambar Inna. Ya san wayarta kullum tana ƙulle a bakin zanenta, kira ɗaya za ta ɗauka. Ya ce ya fito da lambar yana kallonta, yatsansa a kai, ya kasa dannawa, don bai taɓa kiran surukarsa ba, bai san ma da wace murya zai fara ba. Sai ya tura mini saƙo cewa in ɓoye gwangwanin, ya mayar da waya aljihu.

Sauro a Kucheri da damina ba ya jiran dare. Kullum tun kafin la'asar Inna kan fitar da jariri ta fesa wa ɗaki magani. Ran nan an fara yayyafi da iska mai sanyi, ta ga bai dace a fito da ɗanyen jariri ba. Ta lulluɓe gidan sauron da zane, ta ce bari ta ɗan fesa ƙarƙashin gado da lunguna kawai. Taga a rufe, ƙofa a rufe, kamar yadda ake yi wa ɗakin mai jego don kada sanyi ya shiga. Da ta je ɗaukar maganin sai ta ga sabon gwangwani a gefensa. Inna ba ta karatun boko. Ta ɗauka surukinta ne ya kawo mata irin na birni mai ƙarfi, ya ajiye shiru kamar yadda ya saba. Ta ce har albarka ta sa masa tana ƙoƙarin gano inda ake dannawa.

Ina durƙushe Gwaggo na tsula mini ruwan zafi da ganyen darbejiya na ji wani irin tari daga ɗaki, sannan ƙarar faɗuwar kwanuka. Muka ruga. Da Gwaggo ta banke ƙofa sai wani abu ya daki idanuna da maƙogwarona kamar an watsa mini garwashi. Inna na ƙasa tana rarrafe, ido a rufe, tana lalube. Ba ƙofa take nema ba, gadon take nema, ta rasa inda yake a ɗakin da ta yi shekaru tana shara. Na tsallake ta na yaye zanen na sunkuci yaron na fito tsakar gida.

Bai yi kuka ba. Da ya yi kuka da na ji sanyi. Bakinsa a buɗe, ƙirjinsa na lotsawa ciki duk jan numfashi, leɓunansa sun fara canza launi. Gwaggo ta wanke masa fuska da ruwa, wata maƙwabciya ta kawo nono ta ce a shafa, kowa da abin da yake faɗa. Inna tana zaune cikin taɓo, ruwa na zuba a kanta, ba ta ganin komai, tana ta tambaya wane irin maganin sauro ne wannan. Ba wanda ya tsaya ba ta amsa.

Baba ya fito da mashin. Ni da ba a yarda in leƙa ko zaure ba kafin arba'in, na hau da jiƙaƙƙen zane, Gwaggo ta hau bayana riƙe da yaron, muka nufi Tsafe. A asibiti suka sa masa iska a hanci, suka yi abin da za su iya, sannan wata nas 'yar kudu mai jin Hausa ta kama hannuna ta ce gaskiya sai Gusau, can ne ake da na'urar da ke taya jarirai numfashi. La'asar ta riga ta wuce. A tasha direbobi suka riƙa kau da kai, ban kuma ga laifinsu ba, kowa na da iyali. Wani dattijo mai ƙaramar mota ne ya leƙa fuskar yaron, ya ce mu shiga.

Tun da na haife shi ban taɓa riƙe shi a gaban manya ba sai in za a ba shi nono, shi ma ina kau da fuska, don ɗan fari ne. A motar nan na rungume shi a gaban Baba da Gwaggo, ina yi masa magana, ina ce masa ɗana. Hanya ba kowa, sai gonakin dawa dama da hagu, direba na gudu yana salati. Ba mu haɗu da kowa ba. Muna hango gidajen farko na Gusau na ji ƙirjin ya daina lotsawa. Gwaggo ta miƙo hannu ta ce in ba ta shi, na ƙi.

Mijina na tsaye a ƙofar asibiti, Baba ya kira shi tun daga Tsafe. Ya buɗe ƙofar mota ya dubi fuskata. Ya zauna nan ƙasa cikin ruwan da ya kwanta.

Washegari aka binne shi a Kucheri, ba a kai ga raɗa masa suna ba. A ranar ne mijina ya shiga har ɗakin Inna, ya zauna gabanta, idanunta a kumbure, ya faɗa mata komai, har da lambar da ya kasa dannawa. Ya ce laifinsa ne. Ta ce nata ne. Na ji haushinsu su duka, da kaina, har na yi watanni ba na son jin muryar ɗayansu. A wurin aiki aka yi masa tambayoyi a kan gwangwanin, aka ba shi wani. Har yau da shi yake fita aiki, amma in an tashi a ofis yake barinsa, ba ya kawo shi gida.

Da na sake haihuwa, mace, a Gusau na haihu, ba wanda ya yi maganar goyon ciki. Inna ta biyo motar safe ta zo. Na naɗe jaririyar na miƙa mata, a gaban kowa. Ta mayar da hannayenta biyu baya ta riƙe.

"Matso da ita nan in gani," ta ce. "Ke dai riƙe ta."