Allon da Kawu Idi Bai Gani Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Mma Saratu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar Nima ta Accra. Duk shekara nakan so in rubuta wani abu mai sanyi a kanta, irin wanda ake rubutawa a kan iyaye mata. Bana ma da wannan niyya na zauna. Sai dai makon jiya na bi ta hanyar da ta cika a kanta, kuma abin da na gani ya hana ni.

Da hantsi abin ya same ta, tana tsaye a bakin tebur tana zuba wa mutane shinkafa da wake. Ludayi ya suɓuce daga hannunta, bakinta ya karkace. Muka ɗauke ta zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Nas ɗin da ta auna ta ta ce wannan ya fi ƙarfinsu. Ta yi ta buga waya, manyan asibitocin kusa duk babu gado, sai wani a bayan gari. Motar asibiti kuma ta fita da wani mara lafiya.

A lokacin Kawu Idi yana gidanmu. Ƙanin Mma ne, uba ɗaya, amma a Konni ya tashi, can Nijar. Babbar motar albasa yake ja zuwa Accra, kuma a kan sitiyari ya yi furfura. Hanyar kasuwar albasa ya sani kamar tafin hannunsa, sauran garin kuwa baƙo ne. Maƙwabcinmu ya miƙo masa makullin ƙaramar motarsa. Nas ta ce mu hau babban titi mu miƙe, za mu ga allo da sunan asibitin, sai mu sauka dama.

Ni ina baya, kan Mma a cinyata, ina share mata yawu da gefen mayafina. Muka wuce Kanda, muka hau titin. Kawu yana gudu, idonsa yana bin gefen hanya. Da tafiya ta yi nisa ya ce, "Hauwa, kin ga allon nan kuwa?"

Na ce, "Kawu, Mma nake dubawa."

Sai da gidaje suka fara ƙaranci ya tsaya ya tambayi wata mai tallar ruwa. Ta amsa da harshen Twi, ni na fassara masa: mun baro mararrabar a baya, da nisa. Titin kuwa an raba shi da katangar siminti, babu wurin juyawa sai an kai shataletale. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Da muka juyo, hannun dawowa a cushe yake, motocin haya na trotro ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya danna oda har ta dishe, ya leƙa ta taga yana roƙon direbobi da Hausar da ba sa ji. A cikin wannan cunkoso numfashin Mma ya canza. Kawu ya juyo yana maimaita mata kalmar shahada, hannunsa ɗaya a kan sitiyari. Muna hango rufin asibitin ta cika.

Ni Musulma ce, na yarda kwana in ya ƙare ya ƙare. Babu likitan da ya ce mini da mun isa da wuri da ta tashi. Amma yarda da ƙaddara ba ta wanke mai sakaci.

Bayan sadakar bakwai Kawu ya ce in raka shi ya ga wurin. Muka hau trotro, muka sauka, muka tako da ƙafa. Sai da muka tambayi wani mai facin taya kafin muka same shi. Allon bai kai farantin da Mma ke jera ganyen waakye a kai ba. An kafa shi ƙasa-ƙasa, kuma ba kafin mararrabar ba, a bakinta, inda mai gudu ya riga ya wuce kafin ya karanta. A samansa akwai allon tallar man shafawa, fuskar wata mata ta kai girman ɗakinmu. Kawu ya daɗe a tsaye. Can ya ɗora tafukansa biyu a kan sunan asibitin, sunan ya ɓace gaba ɗaya. Ya sauke hannu muka koma gida.

A unguwa kuwa an sami masu cewa ai laifin wanda ya ba baƙo mota ne. Maganar ta kai kunnen Kawu. Aka bar jaki ana dukan taiki. Ai saboda baƙo ake kafa allon hanya. Ɗan gari me zai yi da shi?

Makon jiya na tarar da allon yana nan inda yake. Rana ta cinye fentin, wani mai maganin basir ya manna takardarsa a kan rabin rubutun. Babban allon samansa kuwa sabo fil. A shekarun nan na ga ɗan takara a kansa, na ga mai wa'azi, yanzu tallar cacar ƙwallo ce, har da fitilu. Kenan ba iya yin babban allo ne ya gagare mu ba. Ku duba shataletalen Circle, da ƙyar ake ganin sama saboda talla. Ku duba hotunan jana'iza da ke rufe bangon gida guda. A bakin titin nan ma akwai dutsen da aka sassaƙa sunayen manyan da suka buɗe shi, kowane harafi ana gogewa. Sunan asibiti ne kaɗai aka yi wa rowar ƙarfe da fenti. Wani ya auna allon nan, wani ya duba ya ce ya yi, wani ya karɓi aikin ya tafa. Ban san sunayensu ba, amma duk sanda na tuna da su sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Da na yi wannan ƙorafi a wurin aiki, wata ta ce ai yanzu kowa yana da taswira a waya. To, tsohon direban da wayarsa ta kira ce kawai fa? Uwar da ke riƙe da ɗa yana suma, da wane hannu za ta latsa?

Nakan tambayi kaina me Mma za ta ce da ta ga Accra ta yau, da gadojinta masu hawa kan juna. Ba ta yi boko ba, allon ba zai karantu gare ta ba ko da ya kai girman gida. Amma ta san algus in ta gan shi. Tana da suna da take kiran irin wannan aiki, aikin a-ce-an-yi. Ta taɓa mayar da buhun wake har kasuwar Makola a ka, don ta tarar da tsakuwa a ƙasansa. In baƙo ya tambaye ta gida a lungunan Nima, ba ta nuni da baki. Sai ta bar wa ƙanwata ludayi ta taka da shi har ƙofa. Na tabbata da ta ga allon nan, tsaki ɗaya za ta ja, ta tambayi ko wanda ya kafa shi yana da uwa.

Me ya rage nata? Teburin yana nan, ƙanwata ke riƙe da shi, kuma ba ta rage ludayi ba. Kwanar da teburin yake ma har yau sunanta take amsawa. Fasinja zai ce a sauke shi wajen Mma Saratu, direba ya tsaya, alhali cikinsu babu wanda ya taɓa ganinta. Allah Ya yalwata mata kabari, Ya sa ta huta.

Kawu Idi kuwa tun da ya mayar da motar albasa Konni bai sake riƙe sitiyari ba. A bakin kasuwa yake zaune yanzu, yana kasa albasa. Duk shekara a irin wannan mako nakan kira shi. Jiya mun gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi ruwan sama. Sannan ya ce, "Hauwa, sun sake allon?"

Na so in yi wa tsoho ƙarya ko ya sami barci. Na ce, "Ba su sake ba, Kawu."