Mai Gyaran Agogo da Na'urar Gwajin Jini

Shekara talatin Baba Mai Agogo ya yi a shagonsa na ƙarƙashin bene kafin a yi masa aikin zuciya. Tun daga nan yake shan maganin tsinka jini, duk mako biyu kuma sai ya wuni a layin asibiti don a auna saurin daskarewar jininsa. 'Yarsa ta sayo masa wata 'yar na'ura mai yin gwajin a gida da ɗigo ɗaya daga yatsa.

Likita ta jujjuya ta, ta ce, "Baba, ban san wannan abar ba."

Ya ce, "Gwada ta, 'yata. Ni ma ba na sallamar agogo sai na jera shi da na bango."

Wata huɗu ana yin gwajin biyu tare, suna dacewa, sannan likita ta sa hannu. Kamfanin inshora ya mayar da takardar sau biyu, wai babu gurbinta a fom ɗinsu. A na uku suka amince da tsinken gwajin kawai. Yanzu kowace Talata yakan soki yatsa a bayan kanta, ya karanta wa nas lambar ta waya.