Sunan da Ɗayyabu Ya Ɗinke a Fata

Ɗayyabu ɗan ƙanwata ne, don haka ina da ikon faɗin abin da zan faɗa a kansa. An haife shi a Mai Wurno cikin 1968, kuma tun yana da shekara goma sha tara yake tsaron injin ban-ruwa na gonakin bakin kogi, wanda a nan muke kira babur. Ayaba da mangwaron da ke gefen nan duk daga hannunsa suke shan ruwa. Da kunne yake gane ciwon injin. Ban taɓa jin gona ta bushe saboda sakacinsa ba, wannan kam na shaida.

Aibinsa guda ne. Duk abin da ya yi masa daraja, sai ya naɗe shi ya ƙulle, ya ajiye inda ba mai amfana da shi. Littafin da ya zo tare da injin, wanda aka zana kowane ƙarfe a cikinsa, yana nan rataye a azarar ɗakin babur, a naɗe cikin leda da tsumma, shekara ashirin ba a buɗe ba. Na ce masa, "Ɗayyabu, littafi don karantawa aka yi shi." Ya ce, "Awo Kawu, shi ya sa nike tsaronsa, kada shi lalace."

Ni a makarantar Mishan ta Wad Madani na yi karatu. Wani Fada ɗan Italiya ya koya mana cewa duk takardar da ta shigo hannunka, ka kwafe ta kafin ka sha ruwa. Da wannan tarbiyya na yi akawun jirgin ƙasa shekara talatin da huɗu, ba takarda ɗaya da ta ɓace a teburina, har yau Afandi ake kirana saboda aikin. Sai ga shi Allah ya haɗa ni jini da Ɗayyabu.

A farkon 2011 wata mace 'yar ƙasar Jafan ta zo garinmu tare da masu gwajin noman shinkafa. Mizuki sunanta. Gajeruwa ce, kullum da malfa, kuma ita kaɗai ce baƙon da na taɓa ganin ya cire takalmi ya shiga taɓo ba tare da an ɗauki hotonsa ba. Larabcinta bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, sai aka ce in riƙa yi mata tafinta da Turanci. Ruwan gonar gwajin daga babur ɗin Ɗayyabu yake zuwa, shi ya sa suka saba.

Wata rana muna shan shayi ta bayyana mini wani abu da ya burge ni. Ta ce a ƙasarsu ma'anar suna ba a baki take ba, a rubutu take. Mata goma za su iya amsa Mizuki, kowace da irin rubutun sunanta, kowane rubutu da abin da yake nufi, kuma uba ne ko kaka yake zama ya zaɓa. Na so in tambaye ta nata, sai na ga kamar zan yi mata shisshigi a zaman farko. Na ɗauka akwai lokaci. Da damina ta kama sai na tafi Wad Madani aka cire mini yanar ido, na yi wata biyu a gidan 'yata. Duk abin da ya biyo baya a bayan idona aka yi shi.

Hadizatu matar Ɗayyabu ta tashi da naƙuda wata safiya bayan ruwan kwana biyu. Ungozoma ta duba ta ce wannan ta fi ƙarfinta. Hanya ta zama kunu, ba direban da ya yarda ya fitar da motarsa. Mizuki ce ta ɗauko motar aikinsu ta sa Hadizatu a baya, ta tuƙa da kanta har asibitin Sennar, Ɗayyabu yana sauka yana turi duk inda suka kafe. Aka haifi 'ya mace, bayan maza biyar. Liman ya raɗa mata Ruƙayya, amma tun ranar suna Ɗayyabu ya gaya wa jama'a cewa Mizuki za a kira ta. Ya ce ba shi da saniya ko gona da zai ba matar nan, suna kaɗai yake da shi.

Mako uku bayan haka aikin shinkafar ya ƙare. Ranar tafiyarta Mizuki ta same shi a ɗakin babur, ta fitar da farar takarda mai kauri da alƙalamin gashi, ta zana sunanta yadda kakanta ya zaɓa mata, don takwararta. Ta kuma yi masa bayanin ma'anar. Injin yana ruri a lokacin, shi kuwa kansa a sunkuye yana ƙoƙarin kada ta ga hawayensa.

Da na dawo na tambaye shi me ta ce.

"Ta ce abu ne mai kyau, Kawu."

"Wane abu?"

"Mai kyau dai."

"To kawo takardar in kwafe."

Sai ya kira Hadizatu ta miƙo jaririyar. A wuyanta ga wata 'yar jakar jar fata, ɗinkin Jibo baduku, an tsuke ta ta ko'ina.

Na ce, "Ɗayyabu, wannan ba aya ba ce, ba addu'a ba ce. Sunan mutum ne. Wa ya ce ka mai da shi laya?"

"Ba laya ba ce, Kawu, ajiya ce. A gidanga ina takarda za ta tsira? Gara ta ci, akuya ta ci."

"Tun da ajiya ce, a farke in kwafe, Jibo ya sake ɗinkewa."

"Haba Kawu. Abin da anka ɗinke ga wuyan yaro, ana farke shi?"

Haka muka yi shekara goma sha ɗaya. In na ce laya ce, ya ce ajiya ce. In na ce a buɗe ajiyar, sai ta koma laya. Lambar wayar da matar ta bari, da gawayi ya rubuta ta a bangon ɗakin babur, aka yi yaɓe a kanta da lokacin kaka ya zo. Sunan ubanta kuwa ba wanda ya tambaya a duk garin. Na rubuta wasiƙa biyu zuwa Khartum, aka dawo mini da su, an ce ofishin aikin ya tashi.

Yarinyar ta girma da sunan, da bakinta kamar reza. Ni take kira "tsohon miji", ni kuma in kira ta "amarya", kamar yadda jika da kaka suke yi. Cikin 2022, tana aji biyar, malamarsu ta Larabci, Ustaza Ibtisam, ta sa kowace yarinya ta miƙe ta faɗi ma'anar sunanta. Da aka zo kanta ta faɗi ta Ruƙayya, sai 'yan ajin suka ce a'a, ta faɗi ta wanda ake kiranta da shi. Wata ta ce ai sunan mota ne, aji ya fashe da dariya.

Ta dawo gida ta tsaya gaban ubanta. "Baba, mi sunana ka nufi?"

"Abu mai kyau, ɗiyata."

"In dai ba ku sani ba, daga yau ba ni amsa shi."

Kuma ba ta amsa ba. Kwana tara ana kiran Mizuki a gidan kamar ana kiran bango. Ɗayyabu ya ƙi ya ce Ruƙayya, ita ta ƙi ta waiwayo, sai Hadizatu ce take kai magana tsakaninsu. Ya rage cin abinci. Na same shi zaune bakin kogi ya bar ruwa yana ambaliya a gonar ayaba, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Kawu, in ta aje sunanga, na zama wanda anka yi wa alheri ya shanye."

Na ce, "Amsar tana rataye a wuyanta shekara goma sha ɗaya."

Kafin ya yarda sai da na kawo Ustaza Ibtisam gidan. Ta nemo sunan a wayarta, ta nuna mana rubuce-rubucensa, sun fi talatin. Wani yana nufin kyakkyawan wata. Wani fata mai albarka. Wani ruwa da wata, wani ruwa da itace, wani lokaci mai albarka. Ta ce in aka ga takardar, gwadawa kawai za a yi a gane wanne ne. Ɗayyabu ya daɗe yana kallon wayar, sa'an nan ya ce a kira Jibo.

Ranar Asabar da hantsi muka taru a ƙarƙashin rumfa, har da yarinyar da Ustaza Ibtisam. Na zo da gilashin ƙara girma da takarda da alƙalami biyu. Gwaggo Gambo, mahaifiyar Hadizatu, tana gefe tana tsinkar ganyen rama. Jibo ya sa basilla ya warware ɗinkin a hankali, ya zaro abin da ke ciki ya miƙo mini. Na buɗe ninki na farko, na biyu, na uku. Takardar ƙunshin ganyen shayi ce, da hoton kofi a jikinta.

Na dubi Jibo. Jibo ya dubi Gwaggo Gambo. Ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ta ce, "To mi kuke kallona? Shekarar da ƙyanda ta kama ta, tana da shekara biyu, kuna ina? Jiki kamar garwashi. Na kai wa Jibo ya buɗe, na jiƙa takardar cikin ƙwarya, tawadar ta fita tas, na ba ta ta sha. Abin da ya rage na shafe mata jiki."

Na ce, "Gambo, sunan mace ne 'yar Jafan! Ba rubutun malam ba ne!"

"Hannun da ya kai uwarta asibiti cikin wanga taɓo, in rubutunsa ba shi da albarka, na wa ke da ita? Ba ta warke ba?"

"Allura bakwai aka yi mata a asibiti, ni na raka su!"

"Kai ka san wanda ya yi aiki cikin biyun, Afandi?"

Na juya kan Jibo na ce shekara tara yana jin muna jayayya a kan jakar nan a gaban rumfarsa, bai ce uffan ba. Ya ce, "Wallahi Afandi ba wanda ya tambaye ni."

Ɗayyabu dai ba ya iya ɗaga murya a gaban surukarsa, ko kallonta ba ya yi. Ya juya mata baya ya fuskanci katanga, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka yake, kuma kukan yake.

Sai yarinyar ta taso. Ta ce, "Wato sunana na cikin cikina tun tuni, ku kuna ta faɗa kan ganyen shayi." Ta juyo gare ni. "Tsohon miji, ba kai ka ce can ƙasarsu uba ka zaɓen rubutun ba?"

Na ce haka ne, amma wanda muke nema shi ne na takwararta, wanda kakanta ya zaɓa, kuma ba daidai ba ne a ɗauko wani a ce shi ne.

"Wancan kakanta ya zaɓa mata. Ni ba ni da uba ne?" Ta karɓi wayar daga hannun malamarta ta kai masa har gaban katangar. "Baba, zaɓa. In ka zaɓa ina amsawa."

Na so a bi abin a tsare, a karanta masa duka talatin ɗin ya auna. Ina! Ustaza Ibtisam tana isa kan ruwa da itace ya ɗaga hannu. Ya ce, "Tsaya nan. Shekara talatin da biyar ina kai ruwa ga itace. Wanga shi ne." Sauran ko saurare bai yi ba. Ya goge fuska da hannun riga ya ce, "Mizuki." Ta ce, "Na'am, Baba," kamar ba ita ce ta kwana tara tana gasa shi ba.

Har yau ban san ko ya dace da na waccan baiwar Allah 'yar Jafan ba, kuma wannan yana cina. Amma aikin kwafewa ni aka ba. Alama biyu ce. Ta ruwa zane huɗu ce, ba wuya. Ta itace zane goma sha shida, kowane da inda yake farawa, sai da na yi kwana uku a kanta da gilashi. Na yi kwafi uku, kamar yadda aka koya mini.

Na farko na ba Ɗayyabu. Washegari na gan shi ya nufi rumfar Jibo da shi a aljihu. Na biyu na ba yarinyar ta kai aji. Da na ji Gwaggo Gambo tana tambayarta ko da irin tawadar da ke fita a ruwa na rubuta, sai na ɗauki na ukun na sayi baƙin fentin mai, na tafi ɗakin babur. A ƙofarsa ta ƙarfe na zana shi, kowace alama tsawon kamu ɗaya.

Ɗayyabu ya tsaya a bayana har na gama. Ya yaba ƙwarai. Sa'an nan ya ce, "Kawu, rana za ta cinye shi. Bari in samo buhu in rufe."

Na ce in ya kuskura ya rataya ko tsumma a ƙofar nan, ni da shi har Lahira. Kowace safiya yanzu nakan bi ta bakin kogi in duba.