Libarbar da Inna Ta Wanke

Yayana, ɗan farin mahaifiyarmu, yana aiki a wata babbar hukuma a Paris. A shekarun casa'in wata cuta ta kama shi, wato tara tsofaffin bindigogin libarba. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa, amma sai ya tsare ka da bayanin launin ƙarfe har shayinka ya huce. Biyu ya fi ji da su, iri ɗaya, aikin maƙera ɗaya. Ƙarfensu baƙi ne mai shuɗi-shuɗi, kamar turkuɗin da ya sha bugu. Wai sai an goge ƙarfen ya yi sumul kafin a rina shi, kuma zurfin shuɗin nan shi ne darajar bindiga.

Bayan rasuwar Baba ya ɗauko Inna daga Damagaram, da alkawarin a gidansa za ta ƙare rayuwarta. Inna kuwa ba ta iya ganin baƙin tukunya ta runtsa. Wata rana ya bar ɗaya daga cikin libarbobin nan biyu a kan tebur ya fita. Ta ga ƙarfe ya yi baƙi ƙirin, ta ɗauka dauɗa ce. Ta samo soson ƙarfe ta dirje ta tas, har ta yi fari kamar cokali, sannan ta shimfiɗa ta a kan tawul tana jiran godiya.

Da faɗa ya yi mata, da da sauƙi. Sai ya mai da abin nishaɗin baƙi. Na zo daga Lyon da ƙaramar Sallah, na gani da idona. Bayan an ci an ƙoshi, ya jera bindigogin biyu a ƙarƙashin fitila, abokan aikinsa suka kewaye.

"Ku dubi wagga," in ji shi, yana juya mai shuɗin. "Ku ga yadda haske ke kwanciya bisanta, babu ƙarzuwa ko guda. Wagga kuwa ta tsira daga yaƙi biyu, amma ba ta tsira daga Damagaram ba. Inna, taho ki gwada musu yadda kika yi."

Ta zo. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta mayar masa da magana a gaban mutane, kuma ya san da haka sarai. Ta tsaya tana murza iska da hannu, kai a sunkuye, suna ta dariya.

Na ce, "Yaya, uwarka ce fa."

Ya ce, "Ke dai ba ki san wasa ba."

A ranar na tsane shi, kuma har yau ban gama ba.

Kafin babbar Sallah sai gidan ya yi masa kaɗan, wai yara sun girma suna bukatar ɗaki. Ya sa ta a jirgin ƙasa zuwa wurina a unguwar Minguettes da ke gefen Lyon, da jaka ɗaya da butarta. Bindigogin suka zauna, har da farar, tunda ita ce ke ba baƙi dariya.

Washegarin zuwanta na ƙona shinkafa, gindin tukunya ya yi baƙi. Na shiga kicin na tarar da ita tsaye, tukunya a hannu ɗaya, soso a ɗaya, ba ta fara ba.

Ta ce, "Ɗiyata, wanga baƙin na wankewa ne, ko shi ma ado ne?"

Na dubi fuskarta ko zolaya take yi. Amsa take jira.