Bakaniken da Ya Ƙi Gauraya Man Birki

Kafin ya taɓa sifana, sai ya buɗe mazubin man birki, ya ɗiga kaɗan a farin tsumma, ya duba launinsa, ya murza da yatsa. Shekara talatin da ɗaya haka Baba A'a yake fara aiki a garejin bayan tasha. Direbobi ne suka laƙaba masa sunan, kuma ba don yabo ba.

Laifinsa ɗaya ne: ba ya ƙara wa mota man da bai san irinsa ba. Yakan ce akwai man birkin da ba sa ga maciji da juna. In suka haɗu sai robobin ciki su kumbura, wata rana ka taka birki ƙafarka ta zarce ƙasa. Shi sai ya zuƙe tsohon tas, ya wanke, ya zuba sabo. Aikin awa biyu ke nan, maƙwabtansa kuwa minti biyu sun tsiyaya sun rufe.

Yayana direban bas ne. Wata rana man birkinsa ya yi ƙasa, ya kawo wa Baba wata gorar mai da ya saya a hanya, fasinja na jiransa. Baba ya duba ya ce ba zai zuba ba. Yaya ya yi dariya, wai mai ai mai ne.

"Ɗana, rai goma sha takwas kake ɗauka," in ji Baba. "Ba da hannuna ba."

Yaya ya tsallaka rumfar gaba aka zuba masa. Bayan mako uku, a gangaren gada, birki ya ƙi. Mutum biyu suka rasu, shi kuma har yau da sanda yake tafiya. Baba ya zo dubiya asibiti, bai ce masa uffan kan gorar ba.

Kai ne, Baba, wanda makon jiya ka tattara kayan aikinka a buhu saboda ido ya raunana. Ba taro, ba jawabi. Kafin rana ta take, mai gareji ya ba masu wankin mota rumfarka. Wanda ya zuba wa Yaya man nan kuwa, har yanzu layi ake yi masa.

Mun gode, mai gaskiya ɗaya. Dubban mutane sun isa gida lafiya ta hannunka, ko ɗaya bai sani ba. Bakanikai, in an miƙo muku gorar da ba ku sani ba, ku ƙi kamar yadda ya ƙi. Za a zage ku. Gara zagin da zaman makoki.