Laifin da Aka Ɗora wa Karen Mai Aski

Mai askin bakin tasha ba ya wasa da aiki. Tun yana saurayi yake riƙe da almakashi, kuma duk wanda ya yi wa gyaran fuska, sai ya sunkuya ya hure masa guntayen gashi da baki, yadda maigidansa ya koya masa. Yana da kare mai gadin shago, kullum yana kwance a bakin ƙofa.

Sannu a hankali kujerarsa ta fara wuni ba kowa. Har wani tsohon direba da ya daɗe yana zuwa ya koma shagon gaba. Da mai aski ya tare shi, direban ya kau da kai ya ce, "Wallahi, maigida, karen nan naka ne. Bakinsa kamar mushe."

Wani tela da ya daina zuwa ma haka ya ce. Mai aski bai tsaya dogon zance ba, ya ja karen zuwa wajen likitar dabbobi. Ta buɗe masa baki, ta zaro ɗan ƙashin da ya maƙale, ta kankare dattin da ya daskare a haƙora.

"Wannan bai kai ya kori mutum daga shago ba," in ji ta.

Ya matso don ya yi mata bayani. Ta ja da baya har ta bugi tebur.

"Baba, ka yi haƙuri. In ka goge baki, kana ganin jini?"

"Ina gani. Akwai kuma wani haƙori na ciki da ya yi rami. Me ya haɗa shi da kare?"

"Ruɓaɓɓen haƙori da ciwon dasashi, a mutum ko a kare, warinsu ɗaya ne. Naka ya fi nasa."

Ya tsaya riƙe da igiyar kare. Fuskokin da ya yi ta hurawa suka riƙa dawo masa, dattawa, angwaye, har surukinsa, kowa ya runtse ido. Shi a zatonsa gashi suke gudu.

A gida ya ce wa matarsa, "Ke ma kin sani?"

"Wa zai kalli idonka ya faɗa, Baban yara? Kanumfarin da nake zuba maka a aljihu, ka ɗauka ado ne?"

Washegari ya je asibiti aka cire haƙorin, aka wanke masa dasashi, aka nuna masa yadda ake goge harshe, aka ce ya riƙa shan ruwa kada baki ya bushe. Da ramin ya warke, ya taka har tasha, ya kama direban a kafaɗa, ya buɗe baki a hancinsa ya ce, "Haa!"

Direban ya ƙame, sannan ya shaƙa a hankali. Ya shafa gemunsa.

"Mu je," in ji shi. "Wancan yaron na shagon gaba duk ya ɓata min saje."